Aikin Gida a Shagon Tela

Ƙarfe huɗu ta shigo, jaka a kafaɗa,
Fusaina jikata, 'yar aji uku a Aboabo.
Ta ture ƙyallaye, ta haye bencina,
Ta ce, "Kaka, yau Malam Isifu ya haɗa mu da wuya."

Na ɗage ƙafata daga kan keke.
Ni ajami na sani, na rubuta awon riga,
Boko kuwa daga nesa muke gaisawa.
Na ce, "Karanto, kunne ba ya gudun tambaya."

"Baƙi," in ji ta. Na leƙa ƙofa:
"Daga Tamale ko Yendi? Kawo musu ruwa."
Har fensirinta ya faɗi don dariya.

"Baƙi da wasali, Kaka! Ba da a, su ba da ba."
Na ce, "Ashe allura ce da zare.
Allura ita kaɗai huda take ta wuce,
Zare shi kaɗai kwance yake, ba shi da hanya.
Sai sun haɗu riga ke tsayawa a wuya."

"To, gaɓa fa?" Na kira mai rake,
Na saya mata na sidi biyu.
Ta bi shi da yatsa tana ƙirgawa:
Ku-ma-si uku, A-sa-wa-se huɗu,
Ta tofar da ɓawo a kan Ke-je-ti-ya.

Waƙafi bai ba ni wahala ba.
Tirotiro ce ta tsaya a Alabar,
Mutum ɗaya ya sauka, inji na ruri,
Yaron mota bai ko rufe ƙofa ba, an ci gaba da tafiya.
Aya kuwa, na ce ko ta tauna ce
Da Hajiya Lantana ke tallanta a faranti?
Ta harare ni. Na ce, "Na tuba.
Direba ne ya zare makulli a tasha,
Kowa ya sauka, magana ta kwana lafiya."

Tauraro, wai, shi ne mai labari,
Wanda ake bin sawunsa shafi zuwa shafi.
Zubi kuma ba na adashe ba ne:
Yadda aka jera farko da ƙarshe da tsakiya.

Da muka zo jigo, nan na tsaya.
Jigon da na sani na gidan babana ne,
Itacen da ke riƙe guga a bakin rijiya.
Na juya shi, na auna, bai shiga ba.
Ta ce, "Kaka, in ka gama labari,
Abin da ya biyo ka gida, shi ne.
Ba a rubuta shi, a ciki yake zama."
Na yi shiru. Shekara sittin da bakwai,
Yau 'yar takwas ta ɗinke mini ɓarakar tatsuniya.

Sai wuta ta ɗauke, kamar kullum.
Muka fito waje neman sauran haske.
Ta ɗaga kai ga allon shagona,
Wanda Kwabena mai fenti ya rubuta mini
Tun kafin a yi auren uwarta,
Tana haɗa baƙaƙen a hankali, kamar mai taka ƙaya:

SANNU BA TA HANA ZWA.

"Kaka! An manta wasali!"
Shekara ashirin da biyu ina wucewa ƙarƙashinsa,
Kwastomomi dubu, ba wanda ya tanka.
Na miƙa mata allin da nake zana wuyan riga,
Na ɗaga ta, ta yi nauyi fiye da jiya.

Ta cusa u ƙarama tsakanin z da w,
A karkace, kamar haƙorin da ke sabon fitowa.
Na ce, "Sauko, hannuna ya gaji."
Ta ce, "Tsaya, saura abu ɗaya."
Ta lasa allin, ta danna da ƙarfi,
Ta ɗiga aya.