Baƙin Ɗigo a Bayan Gwiwa

Ruwa na zuba a Bergen tun Litinin,
gilashin taga ya yi gumi,
sai ga Torleif Myklebust a bakin ƙofa,
tsohon matuƙin jirgin fito,
riga uku a jikinsa, yana rawar ɗari kamar mazari.

Kwana shida da saukarsa.
Ya je Limpopo ganin 'yarsa da jikansa,
ya dawo da zuma a kwalba, da hotuna ɗari uku,
da wani baƙon da bai biya kuɗin kujera ba.

Na ce a raina: sauro ne.
Wanda ya dawo daga can da zafin jiki
sauro muke fara tuhuma, haka aka koya mana.
Na ɗebi jini. Babu.
Da asuba na sake ɗiba. Babu.
Karo na uku ma ɗakin gwaji ya ce bai ga kowa ba.
Shi kuwa kai na sara,
wuya ya sage, cinyoyi kamar an kwana ana dukansu,
ma'auni ya kafe a talatin da tara, ya ƙi sauka.

Ina zaune ina jera sunayen cututtuka a takarda,
ina soke su ɗaya bayan ɗaya,
Gunvor ta shigo da shayi,
shekara talatin da ɗaya tana jinya a wannan bene.
Ta leƙa rubutuna, ta ce:
Kin tambaye shi inda ya je.
Kin tambaye shi abin da ya taka?

Muka koma.
Ya yi shiru, ya daɗe, sannan ya ce: Ciyawa.
Yaron ya buga ƙwallo ta tsallake shinge,
na shiga nema da gajeren wando,
ciyawa har ƙugu, shanu na kallona.

Gunvor ta ce: Cire safa, malam.

Muka bi jikinsa kamar masu neman allura a tabarma.
Bayan kunne, cikin furfura, hamata, tsakanin yatsu.
Kunya ta kama shi, ya kafa wa silin ido
yana ba mu labarin igiyar ruwa a watan Janairu,
ba wanda ya tambaye shi.
Juya.
Ga shi nan, a bayan gwiwar hagu,
baƙin ɗigo kamar an kashe sigari a fata,
ja ya kewaye shi.
Ga na biyu a inda bel ke zama.
Na taɓa matsematsi, kaluluwa ta amsa.

Kaska.
Ba ta kai ƙwayar riɗi ba.
Ta sha, ta sa hannu, ta faɗi abinta,
shi bai ko ji ba.

Ya ce: Ai mu ma muna da ita a dajinmu,
karena kullum sai ya kwaso.
Na ce: Suna ɗaya, saƙo dabam.

Jini ba ya saurin faɗin wannan sirri,
sai ya yi makonni kafin ya buɗe baki.
Ban jira shi ba.
Na rubuta ƙwayoyi, safe da yamma,
ka sha da ruwa cike da kofi, kada ka kwanta nan take,
kuma ka guji rana.
Ya dubi taga, ya dube ni.
Rana? A garin nan?
Dariyarsa ta farko ke nan, har da tari.

Kwana biyu zazzaɓi ya naɗe kayansa.
Sakamako ya iso bayan mako uku,
da hatimi, da lambobi, yana sanar da mu
abin da bayan gwiwa ya riga ya faɗa.
Na sa shi a fayil.
A ranar Torleif yana kan tsani yana gyara indararo,
matarsa ce ta ɗauki waya.
Ta ce ƙwallon ma bai same ta ba.