Tocilar Duba Tumatir

Ƙarfe uku na dare motar Kadawa ke shigowa Mil Sha Biyu,
kwando kan kwando, da gajiyar kwana biyu.
Wanda ya sayi tumatir a duhu
ya sayi ruɓa da kuɗinsa.
Shi ya sa na hau danfo har Alaba,
dubu tara a aljihun ciki, hannuna dafe da su.

Chibuzo ya baje su a kan gilashi
kamar mai kifi a bakin gada.

Ta farko mai haƙora biyu a gindi,
ka turo su, ka cusa a bango, shi ke nan.
Na ce, ka san bangonmu kuwa?
Ɗaki ɗaya, ƙarti shida, soket ɗaya,
kullum Sallau ya riga kowa da wayarsa.
Wuta kuma baƙuwa ce a Ketu,
ba ta sallama, ba ta ban kwana.

Ta biyu da baƙin madubi a gadon baya,
wai ita rana take sha.
Da a Ɗanja muke, da na ɗauki uku.
Amma nan Ikko ce, ga damina ta kankama,
rana kan yi kwana huɗu ba ta leƙo mu ba.
In ma ta leƙo, na shanya ta a kan kwano,
wa zai zauna gadinta?
A layinmu ko silifa ba a ba ta baya.

Ta uku siririya, mai igiya irin ta waya.
Wannan ba ta da tsarfa,
tana ci a rumfar Tanimu mai caji, ɗari biyu,
tana ci a gaban mota in direba na da kirki.
Na kusa miƙa kuɗi.
Sai na nemi ƙofar batir, ban gani ba.
An liƙe shi ciki.
Ran da ya mutu, kabarinsu ɗaya.

Akwai wata mai hannu, sai an murɗa ta take gani.
Ban ko taɓa ba.
Hannuwana biyu ne, duka na kwando ne.

Ta ƙarshe ba ta da kyan gani,
gajeriya, mai kauri, kamar taɓaryar daka yaji.
Ka kwance gindi, batir ya faɗo tafinka,
shuɗi, tsawon ɗan yatsa.
Sayi biyu, in ji Chibuzo,
ɗaya na aiki, ɗaya na kiwo a rumfa.
Ya rage murya: kada lambar jiki ta ruɗe ka,
auna shi a hannu.
Na ƙarya sakayau yake kamar kara,
mai gaskiya shi ke da nauyi.

Sai na zaro tumatir ɗaya daga aljihu,
wanda na san ya fara laushi ta ƙasa.
Yaran shago suka kwashe da dariya.
Na ce a kashe fitilar sama.
Siririyar ta watsa masa fari fat mai shuɗi-shuɗi,
ya fito tas, kamar yau aka tsinko shi.
Gajeriyar ta haska shi da ruwan ɗorawa,
ga tabon nan, bai da wurin ɓuya.

Dubu takwas da ɗari biyar, har da batir na biyu.
Kuɗin mota bai cika ba, na ƙarasa da ƙafa daga Ojota.

Yanzu in mota ta tsaya, ni ake nema.
Iya Ronke kan ce, Malam, haska min na ƙasa.
Ina haskawa.
Ɗaya batirin na aljihu, kusa da goro,
da sauran ɗumin rumfar Tanimu a jikinsa.