Faɗin Yatsa Biyu

Faɗin yatsa biyu ne ya rage.
Haka na faɗa wa Metir Sumana
ranar da fitilar Kailu ta kama sau goma sha biyar,
tawa kuwa sau huɗu,
sauran lokacin tana duhu
kamar unguwarmu in an ɗauke wuta da azahar.

Na ce takobina gajere ne.
Ya karɓa, ya kwantar da shi kusa da na Kailu a kan siminti,
tsini da tsini, mariƙi da mariƙi.
Ko ƙwayar gero ba ta shiga tsakaninsu.
Ya zagaya bayana,
ya ɗan bugi bayan cinyata da hular kansa,
ya ce, "Tela, ga inda aka rage maka yadi."

Zauna, miƙe ƙafa, kamo ɗan yatsanka.
Na miƙa hannu,
hannu ya tsaya a ƙwauri kamar baƙo a bakin zaure.
Wata jijiya daga ɗuwawu har bayan gwiwa
ta ce mini nan ne iyaka.
Shekara tara tana naɗe ƙarƙashin keken ɗinki
a rumfata ta Wadata,
ba wanda ya taɓa tambayarta tsawonta.

Suka ba a hannu take farawa ba, in ji shi.
Hannu ɗan aike ne.
Ƙafar gaba ce ke fita, diddige a gaba,
ta baya ta miƙe ta tura ƙasa,
in jijiya ta ƙi sakin gwiwa
sai ka dira kafin ka iso,
tsininka na gaida iska,
na abokin karawarka na cikin rigarka.

Na yi gaggawa, ban ɓoye ba.
Daren nan na ɗora ƙafa a kan katangar gidan haya,
na danna, na danna,
har wani abu ya yi ƙara a ciki kamar tsohon ɗinki.
Mako uku ina ɗingishi zuwa masallaci,
ina ruku'u da rabin baya.
Metir ya dube ni ya ce,
"Kai da kake sassauta zare kullum?
In ya ɗaure da yawa, yadi ya tattare.
In ya saki da yawa, ɗinki ba ya riƙe."

Sai na koma da sannu.
Bayan asuba, gudu kaɗan a gefen gulbi
har jiki ya yi ɗumi,
lokacin masu lambu na jan ruwa wa salati,
gada ba ta cika da babura ba tukuna.
In sunkuya, in ƙirga numfashi talatin,
in tsaya inda ja yake, kafin inda zafi yake.
Wata guda, idon sawu.
Watan azumi, ba ci gaba, ba komawa.
Bayan salla ƙarama, wata Laraba,
na ji ɗan yatsana mai sanyi a cikin tafina,
na yi dariya ni kaɗai, wani mai kwale-kwale ya waiwayo.

Jiya muka sake tsayawa,
raga a fuska, waya a baya, zufa a ido.
"Ale!"
Kailu ya ja baya daidai inda ya saba tsira.
Ƙafata ta tafi, ta ci gaba da tafiya,
ƙarfe ya lanƙwasa a ƙirjinsa,
koren haske ya faɗo a bango.
Na dawo tsaye ba tare da dafa ƙasa ba,
wannan ma Metir ya ƙirga shi.

Ya ci ni, goma sha biyar da goma sha ɗaya.
Ya cire raga yana haki, yana duban takobina.

Yau da safe wani ya kawo wando, ya ce ya matse shi a cinya.
Na juya shi ciki waje.
Telan farko ya bar yadi a cikin ɗinkin,
faɗin yatsa biyu.
Na ɗauko reza.