Rajistar Aji Biyu

Ranar Talata aka kawo shi,
bayan an gama sussukar gero.
Kawunsa ya tsaya bakin taga, hula a hannu,
ya ce, "Malam, ga amana, daga yamma muka taso."
Ban tambayi wace yamma ba.
A ƙasar Roni yanzu, in an ce yamma, an gama magana.

Suna? Nomau.
Sunan uba? Ya dubi kawun, kawun ya dubi ƙasa.
Na rubuta Bawa, na bar gurbin sana'a fari.
Shekara sha uku. Aji nawa ka baro?
Ya ɗaga yatsu biyar.
Takarda fa?
Takarda tana akwatin hedimasta,
akwatin yana ofis,
ofis ya ci wuta damina biyu da suka wuce.
Doka ba ta san wuta ba.
Na miƙa masa alli don gwaji,
ya riƙe shi kamar tsinken tsire.
Sai aji biyu.

Ga shi can a bencin baya,
gwiwoyi sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur,
maraƙi a garken awaki.
In ya ce "na tahi", aji ya kwashe da dariya,
har ya gane shiru ba shi da karin harshe,
ya koma can da zama.

Babur in ya wuce bayan katanga
mu mun san ɗan acaba ne.
Shi sai ka tsince shi ƙarƙashin benci
yana ƙirge da leɓe: ɗaya, biyu, uku.
Ashe lissafi bai gudu ba,
wani aikin aka ba shi.

Ranar ɗebewa na rubuta a allo:
shanu goma, an kore bakwai, saura nawa?
Hannaye suka miƙe kamar karan dawa.
Daga baya, ba ɗaga hannu, murya ta ce,
"Malam, ba su barin saura."
Na goge allon da hannun rigata.
Tun ranar da mangwaro nake lissafi.

Ɗana Sabi'u sa'ansa ne.
Yana ƙaramar sakandare a Kazaure,
babban kukansa fitilar caji
ba ta kai shi sha ɗayan dare.
Wai wata rana takarda ɗaya za a raba musu,
agogo ɗaya, a ce ku fara.
Nomau ya riga kowa fara gudu,
sai dai ba irin gudun da ake ba maki ba ne.

A mako na tara ya rubuta sunansa cikakke.
Harafin farko ya juya baya,
na ƙyale shi, na buga masa jan maki babba,
ya yi ta shafa shi da yatsa har aka tashi.

Sai tumatir ya nuna a fadama.
Kwando biyar, kuɗin kwanon masara.
Na bi sawu har bukkarsu bayan masallacin idi,
kawun ya ce, "Malam, ciki ba ya jiran hutu."
Ban sami abin da zan karanta masa ba.
Kafin azumi aka ce sun ƙara gaba,
wasu suka ce Ɗambatta, wasu suka ce Kano.

Sifeto ya ce in ja layi a kan sunan.
Na ce to.
Har yau kowace safiya ina kiransa,
Hansatu ta amsa daga gaba, "Bai zo ba,"
ni kuma in zana sifiri.
Sun jeru a layinsa kamar bakunan rijiyoyi.

Littafinsa yana aljihun teburina.
A shafin ƙarshe ya zana gari:
rumbu uku, bishiyar tsamiya,
makaranta da rufinta a kai,
wani mutum da sanda a kafaɗa, yana bin shanu.

Na sa yatsa na ƙirga su.
Goma ne cif.