Ƙwaro Ya Shiga Gasa

Da rana gyaran waya a Fam Santa,
da dare tsohuwar kwamfuta
a ɗakina na Gyaɗi-Gyaɗi.

Ƙwaro na raɗa wa manhajar.
Wata bakwai ina koya masa ces
har idona ya yi ja.

Yau a intanet ya kara da ta wani malamin lissafi
can ƙasar ƙanƙara.
Dokar gasa: naɗe hannu, zuba ido.

Taku na talatin, ya ba da sarauniya kyauta.
Na dafe kai: ɗan nan ya kashe ni!
Shayina ya huce.

Taku tara, sarkinsu ya rasa mafita.

Ladan ya kira assalatu.
Har yanzu ban gane abin da ya hango ba,
ni da na haife shi.