Agogo Biyu a Cozumel

Tun watan Maris nake ɗaura agogo biyu,
na hagu na tsibirinmu, na dama na jirgin ruwa.
Can Miami sun tura lokaci gaba da awa guda.
Mu ba mu taɓa ranarmu ba,
inda ta saba fitowa nan take fitowa.

Yau wani dattijo ya shiga motata,
hanci ja kamar barkono, hula sabuwa fil.
Ya ce, "Da sauran awa, Anselmo, tsaya in sha ruwan kwakwa."
Ashe wayarsa ta zama 'yar gari,
ta koyi lokacinmu ba ta gaya masa ba.

Ban ce uffan ba, na miƙa masa hannun dama.
Ya duba. Ƙishin ya tafi.

Muka isa tasha an kwance igiya,
matarsa can sama, kamar ƙwayar shinkafa,
tana kaɗa wani abu fari.

Yanzu yana gidan Doña Eulalia Canché,
yana cin kifi da lemun tsami.
Ya ɗago kai: "Ƙarfe nawa?"
Na dubi hagu, na dubi dama,
na ce, "Na wa?"