Iyaka

Da can, in rikicin gona ya tashi gabas da Ringim,
Baba Talle ake tura yaro da keke ya ɗauko.
Ya zo ya tsaya, ya nuna da sanda:
daga tushen gamban nan zuwa kukar can, na Ilu ne,
abin da ya wuce tsohuwar rijiya na marayun Barau.
Ba takarda, ba igiyar awo.
Kowa ya saɓa fartanyarsa ya koma gida.

Ni 'yarsa ce ta huɗu.
Shekara goma sha ɗaya ina gaban kwamfuta
ina koya mata karatun hoton ƙwaƙwalwa:
nan ya cika, nan ya rame,
nan ƙasa ta fara zaizayewa.
Kawuna dubu uku sun bi ta hannuna,
babu wanda na san sunan uwarsa.
Na rubuta, an buga, an tafa,
an ƙara mini wani abu a gaban suna.

Bana da kaka muka kai shi Kano.
Ya kwanta cikin na'ura tana ƙara kamar injin niƙa,
ya ce a gaya wa mai injin geronsa bai bushe ba.

Da dare na buɗe hoton a zaure, caji saura kaɗan.
Na san irin gonar nan.
Kunyoyi sun sirance, kwarin tsakaninsu ya yi faɗi,
ɗakin da sunaye ke kwana
ya motse kamar kuɓewar bara.
Lissafina bai kuskure ko ɗigo ba.
Ranar na fara jin haushin iya lissafi.

Inna ta ce sammu ne, kan wata iyaka da ya raba.
Ta ce, to karatun naki me ya ce?
Na ce ya san sunan ciwon.
Ta ce, maganin fa?
Na gyara wa fitila zama.

Da safe ya kira ni Tasalla, sunan yayarsa
da ta rasu tun ba a haife ni ba.
Na amsa.
Na riƙe hannunsa muka fita bayan gari.
A bakin gonar Ilu ya ja ya tsaya,
ya daɗe yana duban gamba,
sannan ya ɗaga sanda, hannu na rawa:
"An matsar da wannan. Taku biyu."

Da yamma na tambayi Ilu.
Ya sunkuyar da kai,
ya ce yara ne, garin huɗa.